Yadda Ake Gina Labarin da Zai Sa Yaro Ya Motsa Jiki, Ya Ɗanɗana Sabon Abinci, Ya Yarda da Kansa

Yaro ɗan shekara 4 bai san wani abu wai shi "nan gaba" ba. A ce masa ya ci karas don ya yi lafiya in ya girma, maganar ta bayan kunnensa za ta bi. Amma a ce masa akwai wata yarinya da ta tsaya a bakin rafi, ƙafarta na rawa, ta kasa tsallakawa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Sai me ya faru?" Wannan tambayar ce ake so a samu, domin yaron da ya tambaya ya riga ya shiga cikin labarin, kuma abin da jarumin ya yi zai so ya gwada.

Tun farko dai a san iyakar labari. Aikinsa ya sa yaro sha'awar gwada abu. Ba ya maye gurbin gudun da yaro zai yi da ƙafarsa, ko loma da zai kai bakinsa. Saboda haka kowane labari a wannan jagorar yana tafe da wani aiki da za a yi a cikinsa ko da zarar an gama shi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsi a rana, 60 daga ciki mai sa haki da zufa, da barci awa 10 zuwa 13, kuma kallon talabijin ko waya kada ya wuce awa 1. Daga shekara 5 zuwa 17, ana son minti 60 na motsi matsakaici zuwa mai ƙarfi a kullum. A cikin wannan ma'aunin na 2019 an ambaci abin da ya fi dacewa yaro ya yi in yana zaune: karatu da ba da labari tare da mai kula da shi.

Mataki na farko: a ɗauki ɗabi'a guda

Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa komai a labari ɗaya: jarumi ya ci ganye, ya goge haƙori, ya yi gudu, ya daina tsoron duhu. Yaro zai tafi da abin dariyar da ke ciki, ya bar sauran. A zaɓi abu ɗaya da ido zai iya gani an yi ko ba a yi ba. "Ya riƙa cin abinci mai kyau" ba abin gani ba ne. "Ya taɓa kabeji da harshensa" abin gani ne. Haka "ya tsaya da ƙafa ɗaya har a ƙirga 5", ko "ya faɗi sunansa da murya in an tambaye shi". A riƙe wannan abu guda na mako 2 kafin a canza.

Mataki na biyu: jarumin ya zama yaro mai tuntuɓe

Yara suna son labarin dabbobi, kuma ba laifi a sa su. Sai dai in ana son yaro ya kwaikwayi hali, a sa mutum a gaba. Masu bincike a Jami'ar Toronto sun karanta wa yara 'yan shekara 4 zuwa 6 labari iri ɗaya kan rabon abu da wasu, wani da mutane, wani da dabbobi masu magana. Waɗanda suka ji na mutanen ne suka ƙara yawan abin da suke bayarwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yaro ba ya ganin kansa a jikin zomo mai riga. Dabbar ta zama abokiyar tafiya ko mai kawo dariya, aikin kuwa yaro ya yi shi.

Jarumin ya yi kusa da mai sauraro a shekaru, ko ya ɗan girme shi da shekara ɗaya. Kada a ba shi sunan yaron kansa idan ɗabi'ar abin da ake faɗa a kai ce a gida, don yaro yana ganewa da shi ake, sai ya toshe kunne. Mafi muhimmanci, jarumin kada ya zama gwani tun daga farko. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi bayanin yadda mutum ke samun yaƙinin "zan iya" a 1977, ya sa ganin wani irinka ya yi nasara cikin tushen wannan yaƙinin. Kalmar "irinka" ce mai nauyi a nan. Jarumin da ya tsallake rafi a karon farko yana burge yaro, amma ba ya koya masa komai. Wanda ya faɗa ruwa sau biyu, ya ji kunya, ya canza dabara, sannan ya haye, shi ne yake nuna hanya.

Mataki na uku: ƙashin labarin

Gaɓoɓi biyar sun isa. Jarumi yana son wani abu da yaro ma zai so (ya kai wa kakarsa saƙo, ya ɗauko ƙwallonsa da ta faɗa bayan shinge). Wani abu ya tare shi. Ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa ya kasa. Ya canza dabara ko ya nemi taimako. Ya samu abin da yake so. A lura cewa abin da yake so ba "lafiya" ba ne. Motsin ko abincin hanya ce kawai da labarin ya bi ta kai.

A sa jimla ɗaya gajeriya da za ta riƙa dawowa, kamar "Bari in sake gwadawa," don yaro ya riƙa faɗa tare da mai labari. A ƙiyasi, minti 3 zuwa 5 ya ishi ɗan shekara 2 zuwa 3, minti 5 zuwa 10 ga ɗan 4 zuwa 5, ɗan 6 zuwa 7 kuma yana iya kai wa minti 15. In ya fara wasa da yatsun ƙafarsa yana kallon ƙofa, a taƙaita, a kai ƙarshe.

Kada a rufe da tsoratarwa. A 2014 Kang Lee da abokan aikinsa sun gwada labaran gaskiya da ƙarya kan yara 'yan shekara 3 zuwa 7. Labaran da maƙaryaci ya gamu da mummunan ƙarshe ba su ƙara musu faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne labarin da yaro ya faɗi gaskiya aka yaba masa. Don haka labarin yaron da ya ƙi cin ganye har ya rame ya kwanta asibiti ba abin da zai haifar sai fargaba a lokacin cin abinci.

Mataki na huɗu: a sa motsi a jikin labarin

A share fili kamar taku 5 a tsayi, a kawar da duk abin da ke da kaifi, a cire wa yaro safa in ƙasan mai santsi ne. Kayan aiki kaɗan ne: igiya ko tsumma a shimfiɗa a matsayin rafi, matasai 3 a matsayin duwatsu, tebur a matsayin kogo. Ga yadda yake gudana:

"Nana ta ga ƙwallonta can ƙetaren rafi. Ta tafi a hankali, a hankali, da sanɗa, kada kwaɗi su farka." Mai labari ya ɗaga dugadugansa ya yi sanɗa, yaro ya bi. "Ta zo bakin ruwa. Ta tsuguna, ta lilo hannuwa baya, ɗaya, biyu, uku... tsulum! Ta faɗa ciki!" A nan mai labari ya faɗi zaune da gangan, ya karkaɗe riga. Dariyar da za a yi a wannan wurin ita ce take koya wa yaro cewa faɗuwa ba abin kuka ba ce. "Nana ta ce me?" A yi shiru, a jira shi ya ce, "Bari in sake gwadawa." Karo na biyu ta taka dutse ta zame. Karo na uku ta kalli inda za ta dira, ta lanƙwasa gwiwa sosai, ta haye. "Sai ga iska ta ɗauki ƙwallon! A bi ta da gudu!" A zagaya ɗakin sau 3, a ratsa ƙarƙashin tebur da rarrafe, a ƙare a kwance ana numfashi kamar Nana ta gaji a gindin bishiya.

Wannan ɗan labarin ya ƙunshi daidaita jiki, tsalle, gudu da rarrafe. A jera su haka: motsi mai sauƙi a farko, mai sa haki a tsakiya na daƙiƙa 30 zuwa 60 sau biyu ko uku, sannan a sauko da shi. Wanda ya bar labari ya ƙare a kan gudu zai sha fama kafin yaro ya natsu, musamman da dare. Labarin motsi na safe ne ko yamma. Na lokacin barci a bar shi a miƙa da jan numfashi kawai.

A daidaita motsin da shekaru. Yawancin 'yan shekara 3 suna tsalle da ƙafa biyu, tsalle da ƙafa ɗaya kuma sai wajen shekara 4. In aka nemi abin da jikinsa bai kai ba, labarin da aka shirya don ƙarfafa shi zai koya masa cewa ba ya iyawa. Faɗin "rafin" ya zama wanda zai iya hayewa da ɗan ƙoƙari, kamar tafin hannu biyu a farko, ana ƙarawa kaɗan bayan kwana biyu-uku. In yara sun fi ɗaya, kada a mai da abin tsere. Mai zuwa na ƙarshe kullum shi zai fara cewa ba ya so.

Mataki na biyar: abinci, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya

Kusan kowa in ya tashi tsara labarin abinci, cewa yake yi jarumi ya ci alayyafo ya yi ƙarfi. Michal Maimaran da Ayelet Fishbach sun gwada wannan a 2014 kan yara 'yan shekara 3 zuwa 5 da rabi. An karanta musu labarin wata yarinya da ta ci biskit ko karas. A wani zubin an ce abincin ya sa ta yi ƙarfi ko ya taimaka mata ta iya ƙirga, a wani an ce yana da daɗi, a wani kuma ba a ce komai ba. Yaran da aka gaya wa amfanin abincin su ne suka ci mafi ƙaranci. Ga alama yaro yana lissafi ne cewa abin da ake tallata masa da amfani, ba shi da daɗi, kamar magani.

Wannan ba ya nufin a ɓoye wa yaro ilimi. A 2013 Sarah Gripshover da Ellen Markman na Jami'ar Stanford sun karanta wa 'yan shekara 4 zuwa 5 littattafai 5 masu bayanin yadda abin yake aiki: cewa a cikin abinci akwai ƙananan sinadarai da ido ba ya gani, ciki yana narkar da abinci, jini yana kai sinadaran ko'ina, kuma kowane abinci da irin nasa, shi ya sa jiki ke son iri-iri. Yaran sun ƙara yawan ganyen da suke ɗauka da kansu. Bambancin a bayyane yake. "Ci ka yi ƙarfi" ciniki ne ake yi da yaro. "Ka san inda lomar nan take zuwa bayan ka haɗiye?" kuwa amsa ce ga abin da yake son sani. Don haka labarin tafiyar ƙwayar wake daga baki zuwa ciki zuwa jini ya fi labarin jarumi mai ƙwanji.

A labarin abinci, a tsaya kan abin da baki da ido da kunne suke ji: launi, ƙamshi, ƙarar da karas ke yi in an gatsa, ruwan lemu da ke gangarowa a haɓa. Jarumin ya yatsina fuska a karon farko, ya shinshina, ya lasa, ya ce "ban saba ba tukuna." Wannan jimlar ta fi "ba na so", kuma yara suna ɗaukarta.

Sannan a kawo abincin zahiri a ranar. Yanki ɗaya ƙarami kamar ƙwayar wake, a gefen abin da ya saba ci. Babba ya ɗauki nasa ya ci a gabansa ba tare da kallonsa ba. In yaro ya tura farantin, a ce, "To, bar shi nan," a ci gaba da hira. In ya ɗauka ya shinshina ya ajiye, an ci riba a ranar. In ya sa a baki ya tofar, a miƙa masa abin gogewa ba tare da faɗa ba, don yaron da ya san yana da damar tofarwa ya fi saurin gwadawa. Ƙyamar sabon abinci tana tsananta ne tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma sau da yawa sai an gabatar da abu sau 8 zuwa 15 kafin yaro ya karɓe shi. Yawancin iyaye suna sarewa tun kafin a kai rabin haka, su yanke cewa "ba ya cin wannan."

Ƙa'idar da masaniyar abinci Ellyn Satter ta tsara tana rage rigima ƙwarai: babba ne yake zaɓar abin da za a ci, da lokaci, da wuri; yaro ne yake zaɓar ko zai ci da yawan da zai ci. Kada labari ya zama hanyar karya wannan ƙa'idar. "Nana ta cinye nata, kai fa?" matsi ne, ko da an faɗe shi da murmushi. Haka "in ka ci ganye zan ba ka alewa" yana koya masa cewa alewa ce abin so, ganye kuma wahalar da ake sha kafin a kai gare ta. Kuma a guji raba abinci zuwa "mai kyau" da "mugu" a cikin labari, ko sa mugun da ke cikin labarin ya zama mai ƙiba. Yaro yana da ƙanwa ko aboki mai jiki, ko shi kansa. "Na kullum" da "na wani lokaci" ya wadatar.

Kalma ɗaya kan haɗari: ga yaron da bai kai shekara 5 ba, gyaɗa ɗungurungum, inabi da ba a yanka ba, da ɗanyen karas mai kauri suna iya maƙalewa a maƙogwaro. A tsaga inabi a tsaye gida huɗu, a goge karas ko a dafa ya yi laushi. Kuma a zaune ake ci. Kada a haɗa labarin gudu da ɗanɗano a lokaci guda.

Mataki na shida: yarda da kai

Ba a gina ta da faɗin "kai gwani ne." Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna a 1998 cewa yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi gudun aiki mai wuya bayan sun kasa, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Eddie Brummelman da abokan aikinsa kuma sun gano a 2014 cewa kambama yabo yana sa yaron da dama bai yarda da kansa ba ya ƙara jan baya daga abu mai wuya, don tsoron kada ya kasa kai wa inda aka ɗora shi. A cikin labari da wajensa, a faɗi abin da aka gani: "Ka lanƙwasa gwiwa kafin ka yi tsalle, shi ya sa ka haye." Wannan yabo yana ɗauke da dabarar da zai sake amfani da ita gobe.

Akwai wata dabara mai sauƙi. A wani bincike na 2017 da Rachel White da abokan aikinta suka yi, an ba yara 'yan shekara 4 da 6 aiki mai gundura na minti 10, ga kuma wasan kwamfuta a gefe in sun so su tsere. Waɗanda aka ce su ɗauki kansu a matsayin wani jarumi da suke so su ne suka fi daɗewa a kan aikin. Saboda haka a ba jarumin labarinku wata alama da yaro zai iya sawa, kamar hula ko ƙyalle a wuyan hannu. Ranar da ya tsaya a gindin tsanin wasa yana jin tsoro, tambayar "Me Nana za ta yi yanzu?" ta fi "Kada ka ji tsoro" aiki, don ta ɗan raba shi da tsoron ya kalle shi daga gefe.

Jarumin kuma ya riƙa faɗin abin da yake ji: "Cikina ya ɗuri ruwa." Yaron da ya ji jaruminsa na tsoro ya san tsoro ba ya hana a yi abu. Bayan an yi labarin sau uku-huɗu, a fara miƙa masa ragama. A tsaya a tsakiya a ce, "Na manta, me ta yi a nan?" A bar shi ya ƙara dabba, ya canza ƙarshe, ya ba ƙanensa ko 'yar tsanarsa labarin. Ko ya karkatar da shi, kada a gyara sai in ya tambaya. Ga yaro mai kunya, a fara da mai sauraro ɗaya. Kiran baƙi su zo su ji "yadda ya iya" yakan rufe bakin da aka sha wuya kafin ya buɗe.

Mataki na bakwai: maimaitawa

Babba ne yake gajiya da labari ɗaya, yaro bai gaji ba. Jessica Horst ta Jami'ar Sussex ta nuna a 2011 cewa 'yan shekara 3 da aka maimaita musu labari guda sun fi riƙe sababbin kalmomi a kan waɗanda aka ba labarai daban-daban masu ɗauke da kalmomin. A mako na farko a ba da labarin yadda yake, kullum ko kwana ɗaya bayan ɗaya. A mako na biyu a riƙe jarumi da jimlarsa, a canza abin da ya tare shi: rafi ya zama tudu, karas ya zama kokwamba. Jarumi ɗaya zai iya ɗaukar watanni.

In bayan mako 2 ba a ga canji ba, a duba abu uku kafin a zargi yaro. Ko matakin ya yi masa girma, sai a rage: daga ci zuwa lasa, daga lasa zuwa taɓawa. Ko ya gane wa'azi ake yi masa, alamar ita ce ya ce "ba wannan ba" da zarar an ambaci abincin. Sai a ajiye saƙon na kwana biyu a yi labari don daɗi kawai. Ko kuma abin da yake gani ya saɓa wa abin da yake ji, wato mai ba da labarin gudu yana kwance da waya, mai labarin ganye yana tsince nasa gefe.

Akwai kuma inda labari ba shi ne magani ba. Yaron da yake ramewa ko ya daina girma, ko abincin da yake karɓa 'yan ƙalilan ne kuma suna ƙara raguwa, ko yake yunƙurin amai da shaƙewa a kai a kai, ko yake haki fiye da sa'o'insa da ɗan motsi kaɗan, ko ya rasa wani motsi da a da yake iyawa, a kai shi ga likitan yara ya duba shi.